Rubutun Baibai

A bayan Ƙofar Ran akwai wani ɗaki,
yanzu katin waya ake sayarwa a cikinsa.
In na zo wucewa, hancina ke riga ƙafata tsayawa:
ƙamshin kakin zuma, warin ruwan batir,
da tawada mai kauri kamar an dama kwalli.

Nan Mis Tolan ta yi shekara goma sha tara.
Daga Amurka ta zo, da akwati biyu
da wani inji mai hannu irin na markaɗe.
An ce hotuna za ta yi wa littafin 'yan firamare,
wata shida ta koma.
Wata shidan nan ya yi 'ya'ya har da jikoki.

Ni Barau, ina ɗan sha ɗaya,
aikina ɗebo ruwa da jiƙa takarda.
Sai ta shafe farantin jan ƙarfe da kaki,
ta kara shi a hayaƙin fitila har ya yi baƙi ƙirin,
ta ɗauki allura, babu zare,
ta yi ta ɗinkin da ba ya haɗa komai.
A bakin allurar nan Dutsen Warinje ya fito,
da matan da ke gangarowa da itace,
da akuyar Malam Zailani mai kunne guda.
Ta tsoma farantin a ruwan da ke cizo,
tana share kumfa da gashin zabo,
tana ƙirge da Hausa,
wai ƙirgen garinsu gaggawa gare shi.

Sunanta ma daga dama take faro shi.
Rannan liman ya leƙo: "Ashe Baturiya ta iya ajami?"
Ta ce, "A'a, Malam. Faranti ne ɗan gardama,
abin da ka ba shi a dama, a hagu yake miƙa wa takarda."

Ita ta faɗa da bakinta, ita kuma ta manta.
Ta zana babana a gindin ɗorawa yana cin tuwo,
mako uku tana kansa.
Na juya hannun inji, bargo ya wuce, ta ɗaga takarda:
ga Baba, ga hularsa, ga tabon girarsa,
ga loma a hannun hagu.
Baba ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Kama kam ta yi.
Amma wannan ba a gidanmu aka rene shi ba."

Ba ta yi musu ba.
Ta kankare, ta bubbuge farantin ta baya, ta sake.
Daga ranar ta kafa madubi a kan tebur,
ta ba titi baya,
sai ta cikinsa take kallon Bauchi.

Hotunanta sun je Ikko, sun haye teku.
Wasiƙu na zuwa, tana karantawa a tsaye.
Ta ce mini, "Can suna ce da ni ta Afirka,
nan kuna ce da ni Baturiya."
Ta yi dariya har tari ya ƙwace.
Ashe ruwan da ke cin ƙarfe bai bar ƙirji ba.

Hannu ya fara rawa, allura ta daina jin magana.
Damina na tsakiya muka raka ta tasha.
Sau biyu ta aiko da takarda, sai shiru.
Injin, 'yan gwangwan suka auna a kilo.

Yau ina kasuwar Wunti, rumfa ta uku daga masu agogo,
ina sassaƙa wa ofisoshi da makarantu hatimi.
Da rubutun baibai na aurar da 'ya'ya huɗu.
Kafin in miƙa aiki, sai na nuna wa madubi.

Da Baba ya rasu muka buɗe adakarsa.
Ƙarƙashin rigar Sallah, a naɗe cikin ƙyalle,
ba wanda aka gyara muka tarar ba.
Na farkon ne,
bahagon nan da ya ce bai san shi ba.